Lomar da Na Riƙa Bari a Akushin Sarki Torandos

Ranar wata Laraba, da hantsi, aka zura guga a rijiyar ƙarshe ta Kwarin Gawo, ya fito da laka. Daga wannan gugan labarina ya tashi. Ni ne Arzika ɗan Mayau. Na keta rairayin da ba shi da iyaka, na hau tekun da ba a ganin gaɓarta, na zauna a fadar da ba a jin Hausa, na ci abincin sarakai har wuyana ya yi tozo. Abin da zan ba ku, wani da idona na gani, wani da ƙafata na auna, mafi yawansa kuwa da cikina na ɗauko.

Da yammacin ranar Mai gari Cindo ya tara dattawa a gindin gawo. Rijiyoyinmu sun ƙafe ɗaya bayan ɗaya, mahaƙa sun gwada gabas da yamma, ba sa tarar da komai sai fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse. Abin da ya rage mana wani tafki ne mai nisan rabin wuni, shi ma kullum baya yake ja. Ana cikin jimami sai wani tsohon fatken gishiri mai suna Baidu ya ce a yawonsa ya ji labarin wani sarki a ƙasar Yunan, bayan hamada, bayan teku, a tsibirin Elimna. Sunansa Torandos. Mutanen can suna cewa jikan abin bautarsu ne mai mallakar koguna, kuma zuriyarsa sun san inda ruwa ke kwana a ƙarƙashin ƙasa. Ya ce ba a taɓa jin gidan nan ya mayar da baƙo hannu wofi ba.

Aka shiga shawarar wanda za a aika. Akwai waɗanda suka fi ni ƙarfi, akwai waɗanda suka fi ni baki, amma dattawa suka ce gaban sarki za a je, mai ladabi ake so. Ni kuwa an shaide ni: ba na ɗaga ido gaban babba, ba na miƙa hannun hagu, ba na katse magana.

Mai gari ya ce, "Arzika, tafkin nan zai kai mu bazara mai zuwa, ba zai wuce ba. In ta shigo ba ka dawo ba, za mu sauke jinka, kowa ya nemi inda danginsa suke."

Mahaifiyata, Inna Tasalla, ta ɗaure mini guzuri, ta raka ni har bakin gari. Ta ce, "Duk inda ka sauka, kada ka kunyata ni. Ko yunwa na cin hanjinka, ka bar loma a akushi. Baƙon da ya suɗe kwano cewa ya yi mai gida bai ƙosar da shi ba."

Na ce, "To, Inna."

Na bi ayarin gishiri muka yi arewa, har muka kai bakin wani rairayi da ake kira Rairayin Mantuwa. Halinsa shi ne, duk wanda ya kwana a cikinsa zai wayi gari ya manta abin da ya fito nema, amma ba ya manta na wani. Saboda haka kafin a shiga, madugu ya sa kowa ya kama aboki ya ba shi ajiyar buƙatarsa. Ni na kama Baidu, don shi ma yana cikin ayarin. Kowace safiya nakan farka zuciyata fes kamar ta jariri, in ga raƙuma in yi mamakin na wane ne. Sai Baidu ya dafa ni ya ce, "Kai ne Arzika, ruwa kake nema wa garinku." Ni kuma in ce, "Kai ne Baidu, gishiri kake nema, kuma matarka ta ce kada ka dawo ba turare." Sai ya ce, "Wannan na ƙarshen da ka bar shi a rairayi." Mutum ɗaya ne a ayarin ya ƙi gaya wa kowa sirrinsa. Da muka fita, ya zauna gindin wani dabino yana murmushi, ya ce shi bai ga dalilin wucewa nan ba. Can muka bar shi, kuma ban taɓa ganin mai kwanciyar hankali kamarsa ba.

A bakin teku muka rabu da Baidu, na shiga jirgin wani Bayunane mai suna Baros, wanda ke fataucin tukwane da man zaitun. A bakinsa da na matuƙansa na koyi harshensu, zagi da farko, gaisuwa daga baya. Muna cikin tafiya wani farin gajimare ya sauko ya naɗe jirgin, ba ma ganin ko hannunmu, har muka ji mun daki gaɓa. Ashe tsibirin wasu tsofaffin mata ne masu kaɗin gajimare. Sukan kaɗa shi kamar abawa su tare jirage, don kaɗaici ya ishe su, suna son mai ba su labari. Mun tarar da matuƙan da suka yi furfura a wurin suna ta ba da labari. Ni da na tashi ina riƙe wa Inna zare, na lura duk gajimaren nan zare ɗaya ne. Na durƙusa gaban babbarsu na ce, "Iya, kawo in taya ki, hannunki ya huta." Ta ba ni bakin zaren. Baros ya kafa musu labarin wani kawunsa da ba ya ƙarewa, ni kuwa ina ta naɗi a jikin sanda. Kafin azahar rana ta fito, hanya ta buɗe. Na ajiye musu curin zarensu a bakin ruwa, na yi godiya, muka kwashi masu furfurar nan muka tsere.

Da duwatsun Elimna suka bayyana, Baros ya ja ni gefe. Ya ce, "Ka buɗe kunne. A gidan Torandos ba a tambayar baƙo sunansa ko buƙatarsa sai ya ci abinci. Kai ma kada ka kuskura ka faɗa kafin a tambaye ka. Wanda ya riga tambaya, an hana shi abin da ya zo nema har abada. Ni zan zaga tsibirai in sayar da kaya in dawo. Da zarar taurarin nan da kake kira kaza da 'ya'yanta sun fara faɗuwa da asuba, zan kwance jirgi, da kai ko ba kai. Bayan nan teku ba ta hawuwa sai sanyi ya wuce."

Na lissafa a raina, na ga in na rasa wannan jirgin, bazara za ta riga ni gida.

Fadar Torandos a kan tudu take, ginshiƙanta na farin dutse, itatuwan zaitun kewaye da ita, murhu babba a tsakiyar zaure. Aka wanke mini ƙafafu, aka shafa mini mai, aka zaunar da ni kan buzu. Sarkin gajere ne mai faɗin ƙirji, gemunsa kamar tsintsiya, dariyarsa na girgiza tukwane. Abin mamakinsa shi ne, duk inda ya daɗe tsaye sai ruwa ya riƙa tsattsafowa ƙarƙashin ƙafarsa, gadon kakansa. Shi ya sa matarsa, Sarauniya Desmiya, ba ta barinsa ya tsaya wuri ɗaya. Ko shari'a yake yi sai ka ji ta ce, "Maigida, matsa, tabarma." Sai ya matsa ya ci gaba da shari'a.

'Ya'yansu uku. Babban, Lukandos, maharbi ne, ba ya buɗe baki sai ya ambaci abin da ya kashe. Autan, Firon, masunci ne, ba ya buɗe baki sai ya tsokani wansa. Ta tsakiya, Taliyona, mace ce mai hankali, mijinta ya rasu ta dawo gida, ba ta yawan magana amma ba abin da ke wuce idonta.

Aka kawo mini gurasa mai zafi da cuku da zaitun da gasasshen kifi da zuma. Na ci har na ji daɗin duniya. Sa'an nan na bar wutsiyar kifin da gutsuren gurasa a gefen akushi, na wanke hannu, na yi godiya, na gyara zama ina jiran tambaya.

Sarki ya dubi akushin, ya dubi matarsa. Ita kuma ta dubi mai dafa abinci. Aka ɗauke akushin ana tafiya a hankali kamar an ɗauko gawa. Ba wanda ya tambaye ni komai. Na ce a raina sarakai ba sa gaggawa.

Washegari aka yanka rago. Na ga abinci ya ƙaru, to saura ma ya kamata ya ƙaru, sai na bar cinya guda. Rana ta uku aka kawo ɗan maraƙi, na bar rabi. Kullum in gyara zama, kullum a ɗauke akushi a yi shiru. Ta bayan labule nakan jiyo su.

"Gishiri ne ya yi yawa," in ji Sarki.

Firon ya ce, "Ba gishiri ba ne, Baba. Naman Yaya ne. Na gwada shi jiya, har yanzu ina neman haƙorina."

Lukandos ya ce, "Kifinka fa? Wanda kyanwa ta shinshina ta yi ƙaura?"

"Ai don ta ga kana zuwa ne."

Sarauniya ta ce, "Ku yi mini shiru, ku je ku nemo abin da ya fi wannan."

Na ji tausayinsu, don haka da aka zauna na ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa cin abinci mai daɗin na gidan nan ba." Maimakon su yi murna, sai Sarki ya dafe kai, ruwa ya taru a ƙafarsa har ba a tuna an ce ya matsa ba.

Daga nan 'yan'uwan biyu suka shiga gasa. Lukandos ya hau dutse ya kamo wata farar barewa da ke gudu bisa kan ciyawa ba ta lanƙwasa ta, ya dawo da targaɗe. Firon ya nutsa ƙarƙashin teku ya fito da wani kifi mai sheƙi kamar tagulla, wanda sai an rera masa waƙa yake yarda ya gasu, kuma Sarki da kansa ya tsuguna bakin murhu ya rera. Aka samo zumar da ƙudan zuma suka yi a kogon da rana ba ta shiga. Na ci duka, na yaba duka, na bar saura a duka. Rigata ta matse ni, aka ɗinka mini wata, ita ma ta matse.

Sai na ga al'amura sun sauya. In na fita shan iska, mutanen gari su faɗi ƙasa. Da safe in tarar da furanni a ƙofar ɗakina. Na kuma lura mutanen nan suna ramewa yayin da nake ƙiba, garkunan da ke kan tudu suna raguwa. Wata rana na ji Lukandos yana gaya wa ƙanwarsa cewa a zamanin kakansu wani abin bautarsu ya zo da siffar baƙo, aka yi gaggawar tambayarsa, ya fusata ya tsaga dutsen tsibirin gida biyu.

Ya ce, "Wannan ma irinsu ne. Gwada mu yake."

Taliyona ta ce, "Yaya, ɗakina na kusa da nasa. Ban san masu mulkin sama suna minshari haka ba."

"Ɓad da kama ne."

"To, ya iya."

Na so in fito in ce ni mutum ne, amma faɗin ko wane ne ni shi ne abin da aka hana ni. Kowace asuba ina duban yamma, kaza da 'ya'yanta suna ƙara sauka, ni kuma ina tuna matan garinmu da tuluna a hanyar tafki.

Ana nan Baros ya dawo. Ya tarar da ni a bakin ruwa, ya wuce ni, ya dawo da baya ya ƙura mini ido.

"Arzika? Kai ne, ko ka haɗiye shi?"

"Ni ne. Baros, har yau ba su tambaye ni ba."

"Ka ci abinci kuwa?"

"Dube ni mana."

Ya sosa ƙeya ya ce bai taɓa jin irin wannan ba. Ya ce jibi da sassafe zai tashi.

Da la'asar ɗin ranar aka shigo da wani masunci da guguwa ta fasa wa kwalekwale, aka zaunar da shi nesa kaɗan da ni. Naman gidan duk nawa ne, saboda haka shi faten wake aka ba shi. Ya shanye, ya sa gurasa ya goge kwanon har yana ƙyalli, ya cinye gurasar, ya kife kwanon a ƙasa. Na kau da kai don kunyar rashin tarbiyyarsa. Sai na ji muryar Sarki, cike da fara'a: "Baƙo, ka ƙoshi. Wane ne kai, daga ina, me kake so?" Mutumin ya faɗa. Kafin rana ta faɗi an ba shi sabon kwalekwale.

Na zauna kamar an dasa ni. Ashe a wurinsu baƙon da ya bar saura bai gama cin abinci ba, yana nufin ba a kawo abin da ya dace da shi ba tukuna. Tawa cimar ta ranar an riga an ɗauke, da rabin agwagwa a ciki. Na ce ba komai, gobe ko akushin ne sai in haɗa da shi.

Ashe Sarki ma ya yanke tasa shawarar. Washegari da azahar na ji ana kiɗa. Sai ga ƙarti sun cika ƙofa, suna nishi, ɗauke da wani faranti na tagulla mai faɗin masussuka. A kansa babban bajimin Elimna ne, wanda ake cewa daga garken kakan Sarki ya fito, tsayinsa kamar rumbu. An gasa shi ɗungurungum, an cusa raguna a cikinsa, an cusa agwagi a cikin ragunan, an cusa tattabaru a cikin agwagin. Shi ne dabbar kirki ta ƙarshe a tsibirin. Aka dire shi gabana. Duk gidan suka tsaya suna kallo, Sarauniya tana murza bakin mayafinta.

Na naɗe hannun riga na fara. Na ci tattabara, na ci agwagwa, na taɓa rago. Numfashina ya fara fita da ƙyar, bajimin kuwa ko alamar an taɓa shi babu. Na san dokarsu, ba mai sa hannu a akushin baƙo. Na dubi ƙofa, na ga mutanen gari sun yi cincirindo suna haɗiyar yawu. Na dubi Sarki, na ga idonsa na kan ƙirjin bajimin, gemunsa na motsi. A gidanmu in kana ci wani na kallo, ba ka jira ya roƙa. Na yanko tsoka mai kitse, na je na durƙusa, na miƙa masa da hannu biyu.

Ya ja baya ya ce, "Ba a taɓa akushin baƙo."

Taliyona ta dube ni, ta dubi naman, na ga ta gane akwai abin da nake nufi. Ta ce, "Baba, hannunka bai shiga akushi ba. Hannun baƙo ne ya fito da shi. Kyautar baƙo kuwa, a wace shekara aka fara mayar da ita a gidan nan?"

Sarki ya dubi naman yana auna maganar. Firon ya ce, "In kana jin tsoro, Baba, ni sai in sadaukar da kaina."

Sarki ya karɓa ya kai baki. Ya lumshe ido. Dutse bai tsage ba.

Na ba Sarauniya, na ba 'ya'yan, na ba masu dafa abinci. Na roƙa a buɗe ƙofa. Mutanen gari suka yi layi daga fada har bakin teku, ni ina yanka ina miƙawa, mai na bin gwiwar hannuna. Masu garaya suka zo, aka karɓi nama da hannu ɗaya ana rawa da ɗayan. Baros da matuƙansa suka bi layi, suka zaga suka sake bi, na yi kamar ban gane su ba. Lukandos ya ci har ya manta da targaɗe ya shiga filin rawa. Karnuka suka samu ƙashi. Kafin rana ta yi ja ba abin da ya rage sai romo. Na karɓi gurasa kwando guda, na cire takalmi na shiga cikin farantin da rarrafe, ina gogewa ina miƙawa, har tagullar ta nuna mini fuskata. Lomar ƙarshe ni na cinye ta, ina ba Inna haƙuri a zuci. Kifewa ta gagare ni, sai Lukandos da Firon suka kawo itatuwan tuƙin jirgi muka sa ƙarƙashi, muka ɗaga tare. Farantin ya kife da ƙara kamar tsawa.

Sarki ya miƙe ya ce, "Baƙo, ka ƙoshi. Wane ne kai, daga ina, me kake so?"

"Ranka ya daɗe, sunana Arzika ɗan Mayau, daga Kwarin Gawo, bayan hamada. Rijiyoyinmu sun ƙafe. An aiko ni in roƙi sanin inda ruwa yake."

"Ɗan Mayau," in ji Sarki. "Shi Mayau ɗin mutum ne?"

"Manomi ne, ranka ya daɗe."

"To me ya sa ka ƙi abincinmu?"

"Ban ƙi ba. Tun ranar farko na ƙoshi. A garinmu baƙo yakan bar loma don a san an ƙosar da shi, sauran kuma yaran gida su ci."

Sarauniya ta ce, "Yara su ci? Mu ƙonawa muke, hayaƙin ya tafi sama. Barewar nan, da kifin nan..."

Firon ya ce, "Kifin da Baba ya yi wa waƙa."

Sarki ya fara dariya. Ya yi ta yi yana tsaye wuri ɗaya, yana bugun cinya, ruwa na ɓulɓulowa daga ƙafarsa har ya kashe murhu, buzaye suka fara yawo a zaure. Sarauniya ta buɗe baki za ta ce ya matsa, dariya ta ci ƙarfinta, ta zauna cikin ruwan. Taliyona ta dubi wanta ta ce, "Ɓad da kama." Lukandos ya ce shi dama yana da shakka.

Da aka natsu, Sarki ya ce, "An ba ka, Arzika. Ka zauna da mu, Taliyona ta koya maka. Ta fi mu duka sanin ruwa. Zuwa ƙarshen sanyi ka ƙware."

Na ce, "Ranka ya daɗe, jirgi gobe zai tashi. In na kai ƙarshen sanyi, zan koma da sani in tarar ba gari."

Fara'ar ta ɗauke. Sarki ya ce sanin ruwa ba a dunƙule shi a ba mutum a wuni ɗaya. Lukandos ya ce to Baba ya je ya tsaya musu a tsakar gari. Taliyona ta ce ruwan ƙafar Baba ba ya fitowa in ya bar Elimna, a nan ma aikinsa ɓata tabarma ne kawai.

Sai ta ce, "Ni zan bi shi."

"Bayan hamada?" in ji uwarta.

"Iya, babu ɗigon ruwan da ya rage a tsibirin nan ban san gidansa ba. Zaman me nake yi? In koya masa a hanya, in duba ƙasarsu da idona."

Sarki ya ja gemu ya yi ta ja. Ya ce, "Mun ci dabbobin tsibiri kaf saboda baƙon nan, yanzu kuma zai tafi da 'yata."

"Kai ka ce an ba shi, Baba."

"Na faɗa." Ya yi ajiyar zuciya. "Firon, ka raka yayarka. Ko ba komai gidan ya huta da bakinka."

"Yaya zai yi kewata," in ji Firon.

"Zan daure," in ji Lukandos.

Da sassafe duk tsibirin ya rako mu bakin ruwa. Sarauniya ta cika mana jirgi da gurasa da cuku da busasshen ɓaure, ta ce mini in gaida mahaifiyata, in gaya mata ta iya tarbiyya, sai dai tarbiyyar na da tsada. Sarki ya rungume ni, ya tsaya yana ɗaga hannu har rairayin da yake kai ya zama taɓo.

A jirgi da kan raƙumi Taliyona ta yi ta koya mini: ciyayin da ba sa fita sai inda ruwa ke kusa, launin ƙasa, yadda ƙananan ƙwari ke taruwa kamar ginshiƙi bisa wuri mai danshi. Mun iso Kwarin Gawo bazara ta fara, tafki ya zama kwatami, gidaje da dama an sauke musu jinka, jakuna a ɗaure da kaya. Mai gari Cindo ya ce a dakata.

Taliyona ba ta huta ba. Kowace asuba, kafin rana ta fito, mukan kwanta rubda ciki, haɓa a ƙasa, muna duban inda tururi ke tashi siriri. Mutane suka yi ta kallonmu, wasu na cewa Arzika ya tafi neman ruwa ya dawo da ƙiba da taɓin hankali. Inda muka ga alama mukan haƙa rami, mu shafa wa kwanon tagulla mai, mu kife shi a ciki, mu rufe da ganye da ƙasa. Wuri na farko kwanon ya kwana a bushe. Na biyu ma haka. Na uku, a bayan tsohuwar maƙera, inda ba wanda ya taɓa sa magirbi, muka buɗe da safe muka tarar da cikin kwanon ya yi raɓa har tana ɗiga.

Mahaƙa suka shiga, Firon a cikinsu. Suka wuce jar ƙasa, suka wuce tsakuwa, suka fasa wani siririn fa. Ranar wata Asabar da azahar ruwa ya ɓullo, mai sanyi, ba gishiri. Aka mayar da jinka, aka sauke wa jakuna kaya. Taliyona da Firon suka yi damina tare da mu, muka fitar da wasu rijiyoyin, ta koya wa maza da mata da yawa aikin, sa'an nan suka bi ayarin Baidu suka koma Elimna. Kwarin Gawo bai tashi ba.